Me ya haɗa wuri mai tsarki da mafaka?

Mai_nazari: Salam ƴan uwa, wani abu ne ke ta min yawo a kai. Me ya sa kusan ko'ina wurin ibada shi ne kuma inda mutum ke gudu ya fake in duniya ta yi masa zafi? Dacewa ce kawai ko da dalili?

Ɗan_tsangaya: Wslm. Akwai dalili mana, duba kalmar harami kanta, tushenta ɗaya da haram, wato wurin da aka hana taɓa abin da ke cikinsa. A Haramin Makka ba a farauta ba a sare bishiya, kuma Ali Imrana aya ta 97 ta ce wanda ya shige shi ya aminta. Tsarkin ne ya haifi amincin.

Uwar_biyu: Haka ne malam. Su ma Ingila a da in mai laifi ya ruga ya shige coci ba mai ikon fito da shi har kwana 40, daga nan ko dai ya miƙa wuya a yi masa shari'a ko ya amsa laifinsa ya bar ƙasar, sai a 1624 aka soke abin kwata-kwata.

Baƙon_dare: Ni dai nawa haramin bai kai nan ba wlh, lungu ne a ɗakina, in na rufe ƙofa na kife waya shikenan numfashina ya dawo daidai.

Mai_nazari: Kife wayar nan ne fa ban iya ba, hhh.