Kayan yanzu: wanne ya lalace a hannunka, kuma ya gyaru?

Tela: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Keken ɗinkin da mahaifiyata ta bar min ya haura shekara 40, ƙarfe ne zalla, mai kawai nake ɗiga masa. Na sayi sabo na lantarki don aiki ya riƙa sauri, amma bai cika shekara biyu ba ya fara tsallake ɗinki. Da aka buɗe shi, ashe giyar cikinsa ta roba ce, haƙoranta sun cinye. Abin da ya fi ci min rai shi ne an nemi irin giyar an rasa, ga keke lafiyarsa ƙalau yana ajiye saboda abin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Don Allah kowa ya faɗi nasa.

Mai gyaran firiji da fanka: Wa alaikumussalam Hajiya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A da, idan na buɗe motar fanka, wayar tagulla nake samu a naɗe, in ta ƙone in sake naɗa ta, ta koma aiki. Yanzu da yawa alminiyam ne, wani ma an shafa masa tagulla a baya, sai ka kankare ka ga fari. Alminiyam kimanin kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da tagulla mai kauri ɗaya ke ɗauka, shi ya sa yake saurin zafi, ga shi ba ya kama dalma da daɗi. Injin wanki kuma ya fi ba ni takaici. Boris, wato zoben ƙarfen da ke sa ganga ta juya sumul, shi ne kawai zai mutu, amma an haɗe gangar robar da ke riƙe da shi gaba ɗaya, babu noti ko ɗaya da za ka kwance. Sai dai a canza ganga sukutum, mai kaya kuwa yana jin kuɗin sai ya ce gara sabo.

Wani dattijo: Yarana, ku yi wa zamani adalci. Tsofaffin kayan da muke yabo su ne waɗanda suka tsira. Na ga rediyoyi da agogai marasa kyau a zamaninmu, tuni sun tafi juji, babu mai tuna su. Kuma firiji a lokacin sai mai hali. Amma na yarda da abu ɗaya: na da ana buɗe su da sukundireba a gyara.

Malamin kimiyya: Gaskiya ne Baba, sai dai akwai ganganci a ciki, kuma ba yau aka fara ba. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a Geneva sun amince ƙwai kada ya wuce awa 1,000, har tara suke cin wanda nasa ya zarce. Faransa ta mayar da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi a 2015, kuma a 2020 ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 saboda rage saurin tsofaffin iPhone ba tare da sanar da masu su ba. Tun 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera firiji da injin wanki su ci gaba da samar da kayan gyaransu tsawon shekara 7 zuwa 10. In da ba a ga ɓarna ba, da ba a kafa doka ba.

Mai gyaran takalmi: Nawa gajere ne. Takalmin da aka ɗinke ƙasansa ina sake masa sol sau uku. Na yanzu gam ne. Akwai ma wani irin sol mai kamar soso da laima ke cinyewa ko ba a sa shi ba, ka ajiye a kwali, ranar da ka ɗauko ya ruguje kamar gari.

Ɗaliba: Ni wayata ce. Batir ya kumbura, an manne shi da gam a ƙarƙashin gilashi, wurin ɗagawa gilashin ya tsage. Wayar yayata ta farko kuwa da farce ake cire murfin a sa wani batir. Hotunan marigayiyar kakarmu na cikin tawa wayar, da ƙyar aka kwaso su.

Tela: Allah ya jiƙanta, ƙanwata. Na gode muku duka. Jiya na kai giyar wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe, ya auna ta, ya ce zai fitar min da irinta da farar tagulla. Kafin nan na koma kan keken Inna, da shi na gama ɗinkin wannan makon.