Golf 3 tana lilo a kwana, me zan sauya a ƙasanta?

Ɗan_Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 ta 1996, injin 1.8, taya 185/60 R14. Da zarar na wuce gudun 80 sai ta fara lilo, a kwana ta kwanta gefe ɗaya, in na taka birki kuma hancinta ya nutse. An ce in sa gajeren sifirin ta sauka ƙasa, wai za ta fi kama titi. Oga-oga, ta ina zan fara?

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye zancen gajeren sifirin tukuna. Abin da ka lissafa alamar mataccen shokozoba ne da robobin da suka ƙare. Danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki: in ta tashi ta tsaya, da sauransa, in ta ci gaba da rawa, ya mutu. Leƙa jikinsa ko mai na tsatsafowa.

Sai a ɗaga ta a jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama. Motsin sama da ƙasa yawanci boris ne ko boljoyin, na gefe kuma tayarod. Lowa-am, wato hannun ƙarfen ƙasa da ke riƙe tayar gaba, na da bushin (robobin mahaɗi) biyu, babban na baya shi ya fi saurin tsagewa, shi ne ke sa mota ta ja gefe in an taka birki. A sa ƙarfe a ɗan banƙare shi a gani. Kada a manta da robar saman shokozoba ta gaba, Golf 3 ta yi suna wajen cinye ta.

Shokozoba bibbiyu ake sauyawa, na gaba tare, na baya tare. Sachs, KYB Excel-G ko Bilstein B4 duk daidai da na kamfani suke. In kana son ta ƙara tauri ba tare da ta sauka ba, Bilstein B6 za ka nema. Bushin da boljoyin, Lemförder ko Meyle.

Inda yaran gareji ke ɓata aiki: su ɗaure notin bushin mota na rataye a jak. Da ta sauka robar ta murɗe, ba ta jimawa ta yage. A sauke ta kan tayoyinta sannan a yi ɗaurin ƙarshe.

Hajiya_Injiniya:
Ƙari kan bayanin Oga. Mutane na mantawa da baya. Gatarin bayan Golf 3 ƙarfe ɗaya ne da ya haɗa tayoyin biyu, yana riƙe da jikin mota da manyan bushin biyu. In suka mutu, za ka ji bayan na bin nasa hanya a kwana. Suna da fuskar da ake sa su, kuma da injin matsi ake shigar da su, ba da guduma ba. A yi wa tsohon alama kafin a cire.

Alaimen dole ne bayan aikin. Kusoshi biyun da ke haɗa shokozoban gaba da mazaunin taya su ke saita karkatar tayar, da an kwance su saitin ya tafi, tayar ta fara cin gefe guda. Kusoshin wili kuma ƙarfin ɗaurinsu 110 Nm ne a sifanar awo, ba a hau kan sifana da ƙafa ba.

Ka duba shekarun tayoyinka: lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta. Tayar da ta haura shekara 6 na iya bushewa ko da zanenta na nan. Yawan iskar da ya dace na rubuce a cikin murfin tankin mai.

Ɗan_Zariya:
Na gode ƙwarai. To sifirin fa, Oga? Kuma na Beljiyam zai yi?

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Sifirin irin su Eibach Pro-Kit na sauke mota kamar milimita 30, kuma suna son gajeren shokozoba irin Bilstein B8. A titi mai santsi abin ya yi kyau. A namu kuwa, da ramuka da tudun rage gudu, kaskon man inji ne zai biya kuɗin, balle in ka ɗauki mutum huɗu da kaya a but. Yanke sifirin ko cusa roba tsakanin zobensa kuwa, kada ma a fara: yankakke na iya zamewa daga mazauninsa.

In naka bai karye ba, motar ba ta zauna gefe ɗaya ba, bar shi. In za a sauya, a duba ɗigon fentin da ke jikinsa a sayo mai irin launin, domin na injin dizal ya fi na 1.8 tauri. Wajen kwancewa a yi amfani da maƙatar matse sifirin, in ba haka ba sifirin na iya karya hannu.

Sifirin na Beljiyam ba laifi in babu tsatsa. Shokozoba kam sabo ya fi, don wasu wanke shi kawai ake yi a fesa fenti. In ya zama dole ka sayi na Beljiyam, danna sandar shokozoban har ƙasa: mai gas zai dawo da kansa a hankali, kuma kada ka ji wani wuri da ya tafi fayau ba turjiya. Bushin kuwa ko kyauta aka ba ka tsoho, kada ka karɓa.