Jiri yana kama ni a Sanchin, ga shi sansanin horo na Okinawa ya matso

Assalamu alaikum. An karɓe ni a wani sansanin horon karate mai tsanani da za a yi a birnin Naha na tsibirin Okinawa a ƙasar Japan cikin watan Agusta, inda za a riƙa atisaye safe da yamma. Salon da ake koyarwa a can shi ne Goju-ryu, wanda Chojun Miyagi ya kafa, ni kuwa da Shotokan na saba, mai doguwar tsayuwa da faɗin taku.

Masu shirya sansanin sun buƙaci kowa ya zo da katar Sanchin a hannu (kata wani tsararren jerin motsi ne da ake haddacewa a karate), kuma a nan ne na cije. Da zarar na karkata yatsun ƙafa ciki, na ɗaure tsokar ciki, na fara fitar da numfashin nan mai ƙara, sai jijiyoyin wuyana su miƙe, kunnuwana su toshe, jiri ya ɗebe ni tun kafin juyin farko. Na rage ƙarfin ɗaurewar, amma sai tsayuwar ta saki. Na gwada yin numfashin shi kaɗai a zaune, ban ji komai ba. Likita ya auna jinina, ya ce lafiya lau. Malamina ma ya duba, sai dai katar ba ta cikin manhajar Shotokan, don haka bai iya nuna mini inda gyaran yake ba.

Abin yana damuna ƙwarai, domin zafi da gumin Okinawa a Agusta za su ƙara tsananta shi.

Waɗanda suka ƙware a Goju-ryu, yaya ake haɗa ɗaure jiki da numfashin Sanchin ba tare da matse maƙogwaro har jiri ya zo ba? Na gode.