Galmi ta ɓace mini a cikin dict

Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python don lissafin buhunan albasa na ƙungiyar manoman su baffana, nan Tahoua. Na zuba su a dict, wato ma'ajiyar da ake nemo abu da makullinsa: sunan gari ne makulli, yawan buhu ke ƙarƙashinsa. Na nemi "Galmi" sai KeyError, wai babu wannan makullin, alhali ga sunan ina gani da idona. Tun la'asar nake fama, ga shi har an yi isha'i.

Babban Yaya: Wa alaikumus salam ƙanena. Daga fayil ka karanto sunayen ko? Buga repr(gari) ka duba, shi ke nuna rubutu har da alamomin da ke ɓoye. Za ka tarar da 'Galmi\n', alamar ƙarshen layi ce ta maƙale masa, ido ba ya ganinta. Sa strip() ya cire ta kafin ka ajiye.

Ɗan Adar: Wallahi shi ne, Yaya! Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Lissafi: Kada ka yi saurin murna ɗana, da sauran rina a kaba. Mutum nawa ne suka cika maka jerin? Ni na taɓa haɗa irin wannan, wani ya rubuta Madaoua irin ta faransanci, wani Madawa, wani Konni, wani Ƙonni da ƙugiya. Kwamfuta ta ɗauke su garuruwa huɗu, kuma ba ta yi ƙorafi ba ko kaɗan, lissafi ne kawai ya rabu biyu. Sai ranar biyan kuɗi muka gane, na ji kunya ƙwarai a gaban tsofaffi. lower() na gyara manyan baƙaƙe da ƙanana, amma ba zai mai da ƙ ta koma k ba. Ka ba kowane gari lamba, lambar ta zama makulli, sunan ya zauna a ciki.

Babban Yaya: Gaskiyar Anti. Amma in za ka ajiye a JSON, wato wani tsarin ajiye bayanai a fayil, ka kula: makulli 7 zai dawo maka "7", rubutu ba lamba ba. Gara ka yi su rubutu tun farko.

Ɗan Adar: To in ina son gari da lambar watan shekara su zama makulli tare fa? Na gwada ["Galmi", 3] ya ƙi.

Anti Mai Lissafi: Wannan list ne, wato jeri cikin [ ], kuma ba ya zama makulli don ana iya sauya shi. Yi ("Galmi", 3), wato tuple, jerin da ba a iya sauyawa. Wajen tara buhu kuma yi amfani da get(gari, 0) mai ba ka 0 in babu garin, don sabon gari kada ya tsayar da kai.

Ɗan Adar: Na gode Anti. Yanzu na ƙirga, Madaoua sau uku ta fito. Bari in gyara kafin wuta ta ɗauke.