Wa ya ga fitowar iskar rana daga ramukan nan?

Malamin Fizik

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da fizik a wata makarantar sakandare, kuma a zangon nan mun taɓo maganar rana. Na nuna wa yara hoton da kumbon SDO na hukumar NASA ta Amurka ke ɗauka, wanda rana ke fitowa kalar tagulla da wasu manyan baƙaƙen tabo a jikinta, na ce musu daga waɗannan ramuka ne iskar rana mai tsananin gudu take tasowa. Sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya ga fitowarta?" Tambayar ta tsaya mini a rai, don hoton bai nuna komai yana fita ba, duhu ne kawai.

Sannan ga kumbon Parker, wanda ranar 24 ga Disamba 2024 ya matsa har saura kilomita miliyan 6.1 tsakaninsa da rana. Me ya sa har yanzu ake cewa sai an haɗa aikinsa da na Solar Orbiter da sauran kumbuna? Shi da ya je har can bai wadatar ba? Don Allah masu sani a taimaka.

Ɗalibar Falaki

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta taɓo ainihin wurin da aikin yake da wuya.

Da farko, ramukan ba ramuka ba ne irin na ƙasa. Wurare ne a rawanin rana, wato farin hasken nan da ke bayyana kewaye da ita lokacin cikakken kusufi, inda layukan maganaɗisu suka miƙe zuwa sararin samaniya maimakon su lanƙwaso su koma jikinta. Tunda babu abin da ya tare su, furoton da elektaron suna bin layukan su fice, wurin ya rage kauri da zafi, shi ya sa yake fitowa baƙi a hoto. Iskar da ke fita ta nan tana gudun kilomita 700 zuwa 800 a daƙiƙa ɗaya, alhali ta sauran wurare ba ta cika wuce 400 ba.

To ga matsalar. Na'urar da ke ɗaukar hoto tana ganin ramin amma ba ta taɓa iskar. Na'urar da ke taɓa iskar kuwa, ta auna gudunta da zafinta da abin da ke cikinta, ba ta san inda ta baro ba. Kamar ƙurar hunturu ce: ka share ta a kan tagarka a Kano, amma kafin ka ce daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta taso, sai an sami wanda ya ga tashinta can, an lissafa kwanakin tafiya, an kuma gwada ƙurar an ga irin ta can ce.

Parker ba shi da kyamarar da ke kallon rana kai tsaye. Yana ɓoye ne a bayan garkuwarsa saboda zafi, na'urarsa ta ɗaukar hoto guda ɗaya gefe take kallo. Saboda haka duk kusancin nan nasa, bai ga ramin da iskar da ke dukansa ta fito ba. Dole wani ya duba masa. Solar Orbiter na hukumar ESA ta Turai, wanda aka harba a Fabrairun 2020, an ƙera shi ne don cike wannan giɓi: na'urori 10 yake ɗauke da su, 6 masu hango rana, 4 masu taɓa iska. Amma shi kuma ba ya matsawa fiye da kimanin kilomita miliyan 42.

Ku duba lissafin, Malam, ku da aikinku ne. Daga rana zuwa duniya kilomita miliyan 150 ne. Iska mai gudun 700 za ta yi kwana biyu da rabi a hanya. A cikin wannan lokaci rana ta juya fiye da digiri 30, tunda kusan digiri 13 take juyawa a kullum. Wato ramin da ya turo iskar ya riga ya gusa gefe kafin ta iso. Kuma kusa da rana layukan maganaɗisun ba a miƙe suke ba, suna baje kansu suna karkacewa, sai an sa kwamfuta ta zana su daga taswirar maganaɗisun fuskar rana. Ita kuma taswirar daga duniya ake haɗa ta a hankali cikin kwana 27 na juyawar rana, don haka ɓangaren da ke bayanta tsohon labari ne, wani lokaci na mako biyu. Kuskuren 'yan digiri kaɗan ya isa ya sa a ɗora wa bakin rami iskar da ta fito daga maƙwabcinsa.

Wannan ne ya sa kafin Parker ya kusanci rana, masu lissafi ke fitar da hasashen wurin da iskar da zai shiga za ta fito, su aika wa masu kula da kumbunan hango rana, Hinode na Japan da IRIS na Amurka, da na'urorin hangen nesa na ƙasa, kowa ya juya fuskar na'urarsa can. Na'urorin nan ɗan yanki kaɗan suke iya kallo a lokaci guda. In hasashen ya kauce, an ɗauki hoton wurin da ba shi ba, kuma sai an jira wani zagayen na wata uku.

Baban Zainab

Sannu da ƙoƙari 'yata. Ni tsohon ma'aikacin safiyo ne, na saba da cewa in ba ka kafa alama a ƙasa ba, ba ka auna komai ba. Duk abin da kika lissafa hasashen kwamfuta ne. Ina alamar da ke jikin iskar kanta wadda za ta nuna daga rami ta fito?

Ɗalibar Falaki

Baba, akwai ta, kuma ita ce ta fi burge ni a duk ilimin nan.

A cikin iskar akwai 'yan ƙwayoyin oksijin da ƙarfe da kabon. Tun suna kusa da rana, zafin wurin ne ke yanke yawan elektaron da kowace ƙwaya za ta rasa. Da zarar sun ɗan yi nisa, iskar ta yi shara-shara har ba sa ƙara karo da juna, sai su daskare a yadda suke. Oksijin da ya rasa elektaron 7 yana da yawa a iskar da ta fito daga wuri mai zafi, ya kuma yi ƙaranci a wadda ta fito daga rami, inda wanda ya rasa 6 ya rinjaya. Ko iskar ta yi tafiyar kilomita miliyan ɗari, ko gudunta ya sauya a hanya, wannan alama ba ta gogewa. A kan Solar Orbiter, na'urar SPICE tana duba sinadaran da ke jikin rana daga nesa, wata kuma tana ƙirga irin waɗannan ƙwayoyi idan sun iso wurin kumbon, sai a gwada biyun.

Ga misalin da haɗin ya yi aiki. A ƙarshen Fabrairun 2022 kumbunan biyu suka dace a kan layi ɗaya. Parker ya ratsa wata iska yana kimanin kilomita miliyan 9 daga rana, ya same ta tana gudun kusan 390 a daƙiƙa, cike da igiyoyin maganaɗisu masu lanƙwashewa su dawo. Bayan kusan kwana biyu ita wannan iskar ta riski Solar Orbiter a nisan kilomita miliyan 89. Gudunta ya haura 500, igiyoyin kuma sun lafa. Da aka lissafa ƙarfin da igiyoyin suka rasa, sai ya yi daidai da wanda iskar ta buƙata don ƙara gudu da riƙe zafinta. An wallafa sakamakon a mujallar Science a 2024. Hannes Alfvén ɗan ƙasar Suwidin ya yi bayanin irin waɗannan igiyoyi tun 1942, amma kumbo ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba, don ba ya iya zama a wuri biyu.

Mai Rediyo

Ni ba masani ba ne, amma in ƙara ɗan tarihi. Tun shekarun 1930 Julius Bartels a Jamus ya lura cewa maganaɗisun duniya na rikicewa duk bayan kwana 27, ya ce lallai akwai wasu wurare a jikin rana da ke jawo haka, sai dai bai gan su ba. Eugene Parker ya yi hasashen iskar rana a 1958, kumbon Mariner 2 ya tabbatar a 1962, amma sai a farkon shekarun 1970, da hotunan eksire na roka da na tashar Skylab, aka haɗa ramukan da iska mai gudu.

Malam, kuna iya gwadawa da ɗalibanku. Ku riƙa duba hoton SDO kullum. Ranar da babban rami ya iso tsakiyar fuskar rana ku rubuta a allo, sannan ku bi ma'aunin gudun iskar rana a shafin hukumar NOAA ta Amurka. Cikin kwana biyu zuwa huɗu yawanci za ku ga ya ɗaga daga wajen 400 zuwa 600 ko fiye. Bayan kwana 27 ku sake dubawa, sau da yawa ramin na nan.

Malamin Fizik

Allah ya saka muku da alheri, za mu gwada. Malama, ashe kenan an gama gano bakin zaren?

Ɗalibar Falaki

A'a Malam, da saura. Iskar ta 2022 ba ta kai gudun wadda kumbon Ulysses ya auna ba lokacin da ya bi ta saman dorayen rana biyu, wato ƙuryar kudu da ƙuryar arewa, a 1994 da 1995, inda ya yi watanni cikin iska mai gudun kusan 750. Manyan ramukan can suke, Ulysses kuma ba shi da kyamara. Daga duniya a karkace muke hango su, ba mu taɓa wuce kusan digiri 7 sama ko ƙasa da layin tsakiyar rana ba.

Sannan sanin abin da ke tura iskar a hanya daban, sanin abin da ya fara tayar da ita daban. A Maris 2022 Solar Orbiter ya ɗauki hoton ramin kudu, aka ga ƙananan tartsatsi barkatai, kowane yana ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 100 kafin ya mutu. Wasu masana na ganin su ne tushen iskar, inda layukan maganaɗisu ke tsinkewa su sake haɗuwa. A nawa ganin su ne ke haifar da igiyoyin da Parker ya tarar, amma ba zan rantse ba sai an kama tartsatsin da iskarsa a rami ɗaya, a lokaci ɗaya.

A Fabrairun 2025 Solar Orbiter ya bi ta kusa da duniyar Zuhura ya karkata hanyarsa zuwa digiri 17, a Maris ya ɗauko hotunan farko na doron kudu. Sai dai lokacin rana na tsakiyar tashin hankalinta na zagayen shekara 11, maganaɗisun wurin a cakuɗe yake. Ramukan dorayen kan yi girma ne idan ta lafa, kuma an tsara karkatar kumbon ta kai digiri 33 wajen 2029. Ni a kan wannan lokacin nake son rubuta bincikena, in Allah ya kai mu, kuma ina fatan Parker yana nan da ransa don a sami mai taɓa iskar daga kusa.