Wace kalma ce ta dace da wannan direban?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini, ina neman taimakonku.

Makon jiya na taso daga Jos zuwa Abuja a motar haya. Muna cikin gangara Hawan Kibo sai burki ya ƙi kamawa. Matar da ke bayana ta ɗauki salati da ƙarfi, ni kuwa jikina sai ɓari yake. Direban, wani dattijo mai furfura, ko murya bai ɗaga ba. Ya riƙa sauke giya ɗaya bayan ɗaya, yana jan burkin hannu kaɗan-kaɗan, har Allah ya sa muka tsaya a gefen titi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kowa ya zauna inda yake."

Ina so in rubuta wa shugabannin tasharsu takardar yabo. Na sa "ya tuƙa mu ko a jikinsa", sai babana ya ce ai wannan zagi ne. To me zan sa?

Malamar Hausa, Rikkos:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Baba ya faɗi gaskiya. "Ko a jikinsa" na wanda bai damu ba ne, kamar yaron da ake yi wa faɗa yana ta danna waya. Shi kuwa bawan Allahn nan ya damu matuƙa, rayukanku na hannunsa, tsoron ne dai bai rinjaye shi ba. Ka sa "cikin natsuwa". Ita ce malamai ke kawowa a salla, su ce ka natsu a ruku'u da sujada, wato gaɓɓai su tsaya cak.

Wani ɗan Gangare:
Malama, "a tsanake" fa?

Malamar Hausa, Rikkos:
Tsanaki na mai lokaci ne, kamar tela zai yanka shadda mai tsada, ya auna ya sake aunawa. A gangaren nan ina lokacin?

Tsohon direba, Farin Gada:
Ɗana, mu a tasha cewa muke yi "ya dake". Kada ma ka sa "hankalinsa kwance". Na sha gangara wurin nan da kaya, wallahi hankali ba ya kwanciya sai an sauka. Kuma ka rubuta yadda ya sauke giyar, shi shugabanninsa za su fi ganewa.

Mai tambaya:
Na gode Malama, na gode Baba. Na rubuta: "Ya dake, ya sauke giya cikin natsuwa har muka tsaya." Gobe in Allah ya yarda da kaina zan kai takardar tasha.