Taolu a kung fu, wai meye amfaninsa?

Jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan taolu, wato jerin motsin da ɗan kung fu ke haddacewa yana maimaitawa shi kaɗai ba abokin karawa.

Galibin masu hirar dai sun yarda taolu ma'ajiya ce ta dabarun faɗa. Da yawan masu koyo a da ba su iya karatu ba, sai malami ya ɗure naushi da shuri da kamu da kayarwa cikin jeri guda don kar a manta, shi ya sa suka nace ka riƙa ciro motsi ɗaya-ɗaya kana tambayar malaminka wannan me yake karewa, wa ake bugu da shi, sannan ka gwada da mutum. In ba haka ba rawa kawai kake yi.

Sai gina jiki. Tsayuwar doki, mabu, tana ƙona cinya ba kaɗan ba amma ita ke ba ƙafa ƙarfi. A Wing Chun ma, wani salon kung fu, jerin farko Siu Nim Tau ko taku ba a yi, hannu da gwiwar hannu ake saitawa a hankali.

Inda aka yi ta musu shi ne ko taolu na da amfani a faɗa na gaske. Wani ya tuno 2017 a birnin Chengdu na China da Xu Xiaodong ɗan MMA, faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, ya kayar da Wei Lei, malamin taichi, salon kung fu mai motsi a hankali, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ni dai ina bayan masu cewa a haɗa taolu da damben China mai safar hannu da ake kira sanda, don iska ba ta ramawa.

Mai neman lafiya kawai kuma, taichi mai motsi 24 da aka tsara a 1956 ya ishe shi.